Rakodar da Ta Rufa Mana Asiri

Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma, Kawu dai ya riga mu kama hanya. An yi masa sutura a nan Dubai, garin da ya shigo da niyyar sayen takalma ya juya, ya zauna har furfura ta cinye masa gemu.

A filat ɗinmu na Al Nahda aka yi zaman makoki. Takalman masu gaisuwa sun cika bakin ƙofa, sun bi baranda, har sai da maƙwabta suka riƙa tsallake su kafin su kai ga lif. 'Yan kago na Murshid Bazaar, masu ɗaure wa 'yan kasuwa kaya a tura gida, sun zo da salatif a wuyan hannu, don daga wurin ɗauri suka taso. Wani ya ce Kawu ne ya koya masa yadda ake jera takalma kai da ƙafa a kwali. Wani ya ce ranar da ya sauka garin nan bai san kowa ba, a kan tabarmar Kawu ya kwana. Wani Ba'indiye mai shagon jakunkuna a kasuwar Naif ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa, ya ƙi tafiya, yana ta cewa, "Baba Najeriya, khalas?" Muka ce masa khalas, ta ƙare. Ya girgiza kai ya sake tambaya.

Aminin Kawu, wanda muke kira Baba na Damagaram, ya zauna a kusurwa bai ce uffan ba. Mutumin da ko a barci yake gardama. Wannan shirun nasa ya fi kukan kowa taɓa ni.

Ana cikin haka wani baƙo, ɗan kasuwa da ya zo sari daga Kano, ya ɗaga kai ya hangi rakoda a kan kantar bangon falo.

"Wannan tsohuwar rakodar fa? Har yanzu akwai masu ajiye irinta? Ai waya ta kashe musu kasuwa. Ku sauke ta ku samu wurin ajiye kofuna."

Ba laifinsa ba ne, baƙo ne. Amma ya taɓo abin da kowa a gidan yake juyawa a ransa. Rakodar nan ta Kawu ce, yanzu kuwa ta zama ta magada, kuma magada suna Kano. Mu kuma da muke zaune a gidan mun san in ta fita, da wuya zaman ya ɗore. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don in ban faɗi yadda akwati mai girman kwalin takalmi ya riƙe gida guda na maza ba, za a manta, kuma da shi za a manta da Kawu.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, shi ya kawo ni. An san ni da baki. Mutanen gidanmu sukan ce in na ce na ga giwa, to a duba ƙarƙashin gado a nemi kyanwa. Na yarda. Amma a abin da zan faɗa, gishirin kaɗan ne, na gaji da yawa ban iya zuba shi kamar da ba.

Filat ɗin namu na iyali ɗaya aka gina shi, aka yayyanka shi da falanki ya zama ɗakuna. Falankin nan sunan bango kawai ya ara. In maƙwabcinka ya yi atishawa, kai ne za ka ji sanyi a wuya. In cikinsa ya yi ƙugi, kowa ya san wake ya ci. Haka muke zaune, kowa da iyali a gida, kowa da wayar da ke kawo masa abin da bai shirya ji ba.

Ranar da Kawu ya ce in raka shi sayen rakoda, na yi murna. Na riga na hango wadda nake so a Naif: sifikunta sun kai ni tsawo, fitilu na zagaye su ja da kore, in aka kunna ta sai tattabarun unguwar Deira su yi hijira. Muna shiga shagon, mai kayan ya ga tsoho da babbar riga, ya murɗa ta har ƙarshe.

"Shuf, Baba, shuf! Orijinal!"

Haƙorana suka kaɗa. Kawu ya jira ya gama, ya zaro faifansa daga aljihu, na karatu, ya miƙa masa.

"Shuwayya," in ji Kawu, wato a rage kaɗan.

Mai shago ya rage.

"Shuwayya, shuwayya."

Ya ƙara ragewa. Kawu ya ture hannunsa, ya rage da kansa har muryar ta koma kamar ta mai karatu a ɗaki na uku. Sannan ya taka ya tsaya a bakin ƙofar shagon, ya rufe ido. Ashe ƙatuwar nan in an rage ta sai ta shaƙe, sifika ɗaya ta ɗauke, ɗayar ta riƙa huci kamar tayar da ƙusa ta huda. Kawu ya karɓi faifansa muka fita.

Haka muka yi ta yi, shago bayan shago. Kowane mai shago ya murɗa sama, Kawu ya murɗo ƙasa. Wani har ya tambaye ni a ɓoye ko tsohon yana da ciwon kunne. Ƙafafuna suka kumbura har takalmana suka fara neman saki.

"Kawu, wai me muke nema ne? Duk wanda ya sayi abin sauti, ƙara yake saye."

"Ihu kowa ya iya," ya ce. "Jaki ma ya iya. Mai raɗa nake nema, wadda in ta yi ƙasa da murya ba ta haɗiye harafi."

A wani lungu muka same ta. Baƙa, 'yar ƙarama, uwa ɗaya da sifiku biyu, tana cin faifai, tana kama rediyo, ga kafar filas. Kawu ya auna ta da taƙi, don ya riga ya auno kantar gida da hannunsa. Ya rage ta har ƙasa, kowane harafi ya fito da wutsiyarsa. Ya ɗan ƙara, muryar ta cika shagon ba tare da ta doki kowa ba. Ya ce a naɗe. Ni kuwa na ɗauko ta a hammata ina jin kunya, kamar wanda aka aika sayen sa ya dawo da zabo.

Da muka isa gida ya ɗora ta a kantar falo. Sifika ɗaya ya juya ta ga masu zama, ɗayar ya juya ta tana kallon lungun da ɗakuna suke. Na ce masa ba haka ake yi ba, ko hoton jikin kwalin ya nuna duka biyun mai sauraro suke kallo. Ya ce wanda ya zana hoton ba a gidanmu yake kwana ba.

Rimot ɗin ya sa masa leda ya ɗaure da kyauro, ya jefa a aljihun gaba, nan ya zauna tare da goro da asuwaki. Ba mai taɓa shi. Kawu yana iya ba ka rigarsa, yana iya ba ka gadonsa, amma ka ce ya ba ka rimot, sai ya dube ka kamar ka nemi auren matarsa. Da safe karatu, ƙasa-ƙasa. Ranar Juma'a bayan an ci abinci, tsofaffin kiɗan garaya da kalangu, faifai ɗaya tal, har na haddace inda makaɗin yake tari. Mun roƙe shi ya sauya, ya ce bai ga abin da wannan ya yi mana ba.

Ban gane abin da ya saye ta dominsa ba sai da Ango ya tare a gidan. Ango ma'aikacin ofis ne, mutumin Katsina, ya yi aure ya baro amaryar a gida da alkawarin zai kawo ta. Sunan ya bi shi har yau, ko da yake ɗansa ya fara tafiya. Wata Asabar da rana muna falo, wayarsa ta yi ƙara a ɗaki. Muka ji sallama, muka ji "lafiya lau," sai murya ta fara hawa. "Na ce miki biza ba a hannuna take ba." Ni kuwa, Allah Ya sani, har na gyara zama na karkata kunne.

Kawu ya sa hannu a aljihu. Kalangu ya taso, ba da yawa ba, daidai yadda maganar Ango ta narke a ciki. Kana jin mutum yana magana, ba ka jin me yake cewa.

"Kawu, ana tsakiyar labari."

"Labarinka ne?"

"A'a, amma ai ɗan'uwa ne, in mun ji sai mu ba shi shawara."

"In yana son shawararka ya san ɗakinka. Ba nisa, falanki ɗaya ne."

Da Ango ya fito, idonsa ja, Kawu ya mayar da kiɗan inda yake, ya tura masa kwanon dabino, ya tambaye shi ko an gyara lif. Shi ke nan.

Daga ranar muka fahimci dokar, ba tare da an kafa ta ba. In rakoda ta ɗaga murya, wani yana cikin wani hali, kowa ya kama abin da ke gabansa, kuma in ya fito ba a tambaya. Kawu yana gane irin kiran tun daga sallama. Na rantse yana ganewa tun kafin wayar ta yi ƙara, amma wannan ku rage masa gishiri. In rigimar gida ce, kiɗa yake sawa. In ya ji an ce "yaushe?" da wata irin murya, sai ya sa karatu. Shi kansa in zai kira iyalinsa, sai ya ɗaga ta, ya shiga ɗakinsa ya ja labule. Yakan ce namiji a baƙon gari ba shi da abin da ya mallaka sai fuskar da yake fitowa da ita da safe, in ka ƙwace masa ita ka gama da shi.

Ranar da mahaifiyata ta rasu, da hantsi aka kira ni. Ashe an riga an gaya wa Kawu. Ina ɗaga wayar na ji karatu ya cika gidan, sama da yadda ya taɓa kaiwa. Na kifa kai a katifa na yi kuka irin wanda ban san akwai shi a cikina ba, ni da ake cewa ko a jana'iza sai na ba da dariya. Da na fito, mutane suka yi mini gaisuwa kamar wanda ya karɓi labarin da dauriya. Kawu yana zaune a kujerarsa, rimot a hannu, yana kallon bango. Ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya goya ta. Ban san a ina ya yi nasa kukan ba, ko wa ya ɗaga masa murya.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Kawu yana da riƙo, kuma Baba na Damagaram shaida ne. Su biyun abokan wasa ne, Bakano da Badamagare, kullum wannan na kiran wancan bawansa, a kwano ɗaya suke ci. Wata rana Kawu ya ɗaga kiɗa saboda wani maƙwabcinmu, direba, yana waya, sai ya shiga alwala. Baba na Damagaram ya shigo daga kasuwa da ciwon kai, bai san me ake ciki ba, ya miƙa hannu ya kashe ta daga jikinta. Cikin shirun nan muryar direban ta faɗo tsakiyar falo: "To ki tafi gidanku, na gaji."

Kowa ya ji. Direban ma ya ji cewa an ji. Bai ƙara haɗa ido da kowa ba, wata bai ƙare ba ya kwashe kayansa ya koma Sharjah, ko sallama bai yi ba.

Kawu ya raba kwano. Baba na Damagaram ya ba da haƙuri da Hausa, ya ba da shi da Faransanci, ya ce "pardon" har bakinsa ya bushe, Kawu ya ce shi bai ji Zabarmanci ba. Muka sa baki, ya ce mu bari, yaro bai san abin da aka fasa ba. Aka shiga azumi suna buɗa-baki baya da baya. Sai ana gobe Salla Baba na Damagaram ya sayo batura biyu na rimot, ya ajiye a gefen kofin kunun Kawu, ya koma ya zauna. Kawu ya juya su, ya duba.

"Na jabu ka sayo."

"Daidai da mai su."

"Bawa dai bawa ne. Matso da kwanon nan."

Ciwon Kawu bai daɗe ba. Ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, aka kai shi asibiti, ya kwana biyu, aka kira mu. A aljihun rigar da aka miƙo mana har da rimot.

Bayan an watse daga makoki muka gwada riƙe dokar. Aka ba ni rimot, wai ni ne jininsa. Ashe abin hannu ne. Ranar farko na ɗaga ta da yawa, duk gidan suka leƙo suna tambayar wa ya mutu. Rana ta biyu na makara, sai da rabin maganar ta fita. Wani lokaci ina Naif, wayar wani ta yi ƙara, ba kowa a falo. Mutum biyu sun yi cacar baki saboda ɗaya ya yi wa ɗaya jaje a kan abin da ba a gaya masa ba. Duk da haka, ko a hannuna, in ta ɗaga murya mutane suna sunkuyar da kai, don suna jin kamar shi ne ya ɗaga. Wani ya ce mu sayi sabuwa mu aika wa magada tasu. Baba na Damagaram ya ce sabuwa ƙara kawai za ta yi, ba wanda zai ji kunyarta. Ango ya ce shi gaskiya in ta tafi zai nemi wani wuri, ba zai iya ba.

Aka yanke shawara ni zan kira Inna, matar Kawu, in roƙe ta magada su sayar mana ko su bar mana. Na shirya magana mai kyau, da ayoyi da karin magana, wadda za ta sa dutse ya yi hawaye. Na kira ta da rana, tana cikin takaba. Muka gaisa, muka yi wa juna ƙarin haƙuri, ta tambayi kowa da kowa. Na buɗe baki zan fara, sai ta riga ni.

"Ɗana, kayansa duk ku raba wa mabukata a nan, yaran sun yarda. Abu ɗaya nake so."

"Faɗi, Inna."

"Abin nan da yake kunnawa. Shekara da shekaru in ya kira ni, ita nake fara ji kafin in ji shi. Kullum sai na ce, Malam, kashe abin nan in ji ka da kyau, ya ce ba zai kashe ba. Har fushi na yi a kanta." Na ji tana gyara numfashi. "Ban taɓa ganin ɗakin da ya zauna ba. Kabarinsa ma ba zan gani ba. A kawo mini ita in ga kamarta. Babba ce?"

"'Yar ƙarama ce, Inna."

"Haka na zata. Da faifan nan mai tari."

Na duba maganar da na shirya, ban ga ko kalma ɗaya da zan iya ɗagawa ba. Na ce, "To, Inna. Za ta zo."

Da na gaya wa mutanen gida, ba wanda ya yi gardama. Baba na Damagaram ya ce, "Ta riga mu. Mu bayanta muke ji, ita gabanta." Ban gane me yake nufi ba sosai, ban kuma tambaya ba.

Shi ya ɗaure ta da hannunsa a Murshid Bazaar. Ya naɗe kowace sifika da rigar Kawu, ya sa uwar a tsakiya, ya cusa rimot da ledarsa a cikin hula. Ya yi mata salatif har sai da na ce masa ko jirgin ya faɗa teku, kifi ba zai ji kiɗan nan ba. Bai yi dariya ba. 'Yan kago suka karɓe ta hannu bibbiyu, babbansu ya ce a samansa za ta hau, ba abin da za a ɗora mata.

Muka dawo gida bayan la'asar, a gajiye, kowa ya zube a falo. Kantar ta yi fayau, sai sawun ƙura mai kusurwa huɗu. Ba a jima ba wayar Ango ta yi ƙara a ɗakinsa. Muka ji sallama. Muka ji "lafiya lau." Muka ji ya ce, "Wane asibitin?"

Na kai hannu aljihu, ba komai. Muka dubi juna.

Baba na Damagaram ya dafa gwiwa ya miƙe, ya zura takalmansa.

"Yalla. Ku taso mu sha iska."

Babu iska a Al Nahda a wannan watan. Abin da ke waje tururi ne, irin wanda in ka tsaya a cikinsa za a iya cinka da yaji. Amma muka tashi gaba ɗaya, har da wanda ya fara cin abinci, ya sauko da cokali a hannu. Muka tsaya a gindin bene, manyan mutane da furfura, gumi na bin mu, muna kallon motocin da suka cushe a hanyar Sharjah kamar an biya mu mu ƙirga su. Mai gadi ya fito da sauri yana tambaya ko gobara ce. Muka ce masa a'a.

Mun daɗe a tsaye kafin Ango ya sauko. Ya wanke fuska. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe baki, Baba na Damagaram ya tare shi da tambayar ko ya san inda ake sayar da kankana mai kyau a unguwar nan.

Tun daga ranar haka muke yi. Wani makon sau ɗaya, wani makon har mai gadi ya gaji da gaishe mu. Gwiwoyina sun fara ƙara, kuma ban san tsawon lokacin da gida zai iya rayuwa a kan matakala ba. Ango dai bai tashi ba tukuna.

Allah, ga bawanKa nan ya zo, tsoho mai riƙo, mai faifai ɗaya. Ranar da za a karanta wa kowa nasa a bainar jama'a, Ka sa kada kowa ya ji nasa.